Ashafa Mai Tsaron Gwaggo

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Malam Ashafa a shekarunsa na ƙarshe zai tuna da hannunsa. Yatsun damansa a lanƙwashe suke kamar na wanda ya riƙe bakin ƙwarya, ba sa miƙewa. Baƙo yakan ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi. Mu da muke zama da shi a dakalin masallacin lungunmu a Mandawari mun san ba ita ba ce. Allah Ya jiƙan Ashafa, Ya sa ya huta. Hutun nan shi ne abin da ya fi nema a duniya, kuma ya daɗe bai same shi ba.

A nan Mandawari aka haife shi, ɗan wani mai sayar da zare a Ƙofar Wambai. Ya yi allo, ya yi firamare, bai wuce nan ba. Mutum ne siriri mai sanyin murya, in yana dariya sai ya sa hannu ya rufe baki. Shekarar da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula ya sami aiki a wani kamfanin matse man gyaɗa a Bompai. Da ɗaukar buhu ya fara. Da aka ga ba shi da surutu kuma ba ya gyangyaɗi, sai aka mayar da shi ɗakin boila.

Boila wata shirgegiyar tukunyar ƙarfe ce a kwance, ta fi motar kiya-kiya tsawo. Ana hura mata wuta da baƙin mai, ruwan cikinta ya tafasa, tururin ya bi bututu ya tafi inda ake turara gyaɗa kafin a matse. Ma'aikata ba sa ce mata boila. Gwaggo suke ce mata, don in ta ji ƙishi ta yi mita, in an cika ta kuma ta yi mita.

Wanda ya koya masa aikin wani dattijo ne, Baba Mikail, mai tabon ƙuna tun daga wuya har bayan kunne. Ranar farko ya tsayar da shi gaban Gwaggo ya ce, "Abu biyu za ka sa wa ido, na uku kuma ka sa masa hannu."

Na farko gilashi ne, wani siririn bututu a tsaye a jikin tukunyar, wanda ke nuna inda ruwa ya kai a ciki. Tsakiya ake so ya tsaya. In ya yi ƙasa, ƙarfe ya bushe a kan wuta ya yi ja, kuma duk wanda ya turo ruwan sanyi a kan jan ƙarfe ba za a sami gawarsa a wuri ɗaya ba. In ya yi sama, ruwa ya bi tururi cikin bututu ya riƙa dukansa kamar ana sara da guduma. Na biyu agogo ne mai allura ɗaya, mai nuna ƙarfin tururi, da jan layi wanda ba a yarda allurar ta taɓa ba. Na uku shi ne bawul ɗin shigar ruwa, mai zagayayyen kai kamar ƙaramin sitiyari. Da can akwai na'urar da ke buɗe shi tana rufewa da kanta. Ta lalace tun kafin zuwan Ashafa, aka ce an aika a kawo kayan gyara daga waje, ba su taɓa isowa ba. Sai hannun mutum ya maye gurbinta.

"Gilashi yana ƙarya," in ji Baba Mikail. "In gindinsa ya toshe, sai ya nuna maka ruwa a tsakiya alhali ciki ya ƙafe. Ka duba da kyau. Muddin akwai wuta, ruwan gaskiya yana ɗan rawa, sama da ƙasa, kamar yana numfashi. In ka ga ya tsaya cak, to ko dai gilashi ya toshe, ko wuta ta mutu."

Sannan ya koya masa ƙa'idar da babu ita a takardar kamfani. Mai tsaron Gwaggo ba ya ɗauke hannu daga sitiyari don lokacin tashinsa ya yi, ko don an busa jiniya, ko don manaja ya ce ya tafi. Sai wanda zai canje shi ya zo, ya buɗe famfon gindin gilashi ya hure shi da kansa ya ga ruwa ya dawo yana rawa, ya ɗora hannunsa a ɗaya gefen sitiyarin ya ce, "Na karɓa." Sannan mai tashi ya ce, "Na ba ka," ya saki. Ko salla za a yi haka ake yi. Tabon wuyan Baba Mikail shi ne dalili. Wata rana can baya wani ya hango mai canjinsa yana jingine keke a bakin ƙofa, ya ɗauka shi ke nan, ya tafi alwala. Shi kuwa mai keken ya tsaya sayen goro. Tsakanin alwala da goro mutum biyu suka rasu.

Mai canjin Ashafa shi ne Audu, mutumin Goron Dutse, gajere mai ƙiba da kaurin murya. Ashafa na safe, Audu na rana, bayan azahar suke haɗuwa. Kusan shekara ashirin suna haka, kuma in ka tara duk zaman da suka yi tare ba zai cika wata guda ba. Amma Ashafa bai da aminin da ya kai shi. Audu ba ya zuwa da wuri. Kullum sai ka ji ƙararrawar kekensa mai tsatsa, wadda ba ta ƙara sai dai ta yi kamar tari, sannan ya shigo yana share gumi.

"Ka makara, Audu."

"Ni na makara ko rana ce ta yi sauri? Ya Gwaggo?"

"Ta sha, ta ƙoshi. Tun ɗazu take tambayar ina mijinta."

"Kai ne mijinta, ni ɗan riƙo ne. Dube ka, har kun fara kama da juna, duk kun yi baƙi."

"Hure gilashin, malam, yunwa nake ji."

Audu ya buɗe ɗan famfon gindin gilashi, tururi ya yi tsaki, ruwa ya ɓace ya dawo yana rawa. Ya dubi allura. Ya ɗora tafinsa mai kauri. "Na karɓa."

"Na ba ka."

Daga nan ne kawai Ashafa yake jin kafaɗunsa sun sauka. Ya hau keke ya shigo gari, matarsa Lauratu ta ajiye masa abinci, ya ci ya yi barci kamar jariri.

Shekarun ƙarshe na soja kamfanin ya riƙa tangaɗi. Yau babu wutar lantarki, gobe babu baƙin mai, jibi gyaɗar ce ta yi tsada. Baba Mikail ya rasu. Aka sallami rabin ma'aikata. Da aka ce za a sake mayar da mulki ga farar hula, kowa ya ce to yanzu abubuwa za su gyaru.

A makon da aka yi bikin miƙa mulkin, ranar wata Litinin, azahar ta yi Audu bai zo ba. Ashafa bai damu ba, ya saba. Rediyon maigadi yana ta maimaita jawabai daga Abuja. Sai ga manaja ya shigo da kansa, abin da ba ya yi, ya tsaya nesa da zafi ya ce a kashe wuta. Masu kamfani sun ce a rufe sai yadda hali ya yi.

Ashafa ya kashe wuta yadda ake kashewa, ya ci gaba da ba Gwaggo ruwa a hankali yana kallon allura tana sauka.

"Shi ke nan, Malam Ashafa, sai ka tafi gida."

"Ranka ya daɗe, Audu bai zo ba."

"Ai babu aikin rana. Babu abin da zai karɓa."

"Zai zo. Makara ce da shi."

Manaja ya dube shi, ya kaɗa kai, ya fita. Injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ashafa bai taɓa jin kamfanin ba ƙara ba, har kukan kurciya ya riƙa ji a kan rufi. La'asar ta yi, ta wuce, yana tsaye hannunsa a kan sitiyari. Allura ta kusa kwantawa, amma ruwan gilashi bai gama rawa ba, don ƙarfe yana daɗewa bai huce ba. Da rana ta yi ja, maigadi ya zo da kwaɗo a hannu ya roƙe shi don Allah. Da roƙo bai yi ba, sai ya kama yatsunsa ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya daga jikin ƙarfen, yana ba shi haƙuri, ya tura shi waje ya kulle.

Bai wuce gida ba, Goron Dutse ya nufa don ya yi wa Audu tsiya. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Audu ya fito zai tafi aiki, wata motar itace ta kwashe shi a kan hanya. Har an yi masa sutura an kai shi. Ga keken nan jingine a zaure, ƙafar gaba a lanƙwashe, kwanon abincinsa ɗaure a baya ba a kwance ba.

Ashafa ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya koma gida. Lauratu ta ajiye abinci. Ya kai hannu zai ci sai ya ga yatsun sun ƙi miƙewa.

Kamfanin bai sake buɗewa ba. Wani ɗan'uwan mahaifinsa ya ba shi gefen rumfa a Ƙofar Wambai yana sayar da bokitai da butocin roba. Ba ya rashin ciniki, don ba ya ƙarya a kan kaya. Amma da an kira azahar sai ya yi salla ya rufe, ya kamo hanyar gida da sauri kamar ana jiransa. A tsakar gida ya ɗora wani durom a kan bulo, ya sa masa famfo a gindi, ya liƙa siririn tiyo mai haske a gefe yana nuna inda ruwa ya kai. Lauratu ta ji daɗi da farko, ta huta da leƙa randa. Sai ta lura kullum bayan azahar yakan ja kujera ya zauna gefen durom ɗin, ya ɗora hannu a kan famfon, idonsa a kan tiyo, har rana ta faɗi. In 'yan garuwa sun kawo ruwa ba ya bari su cika shi, kuma ba ya bari ya yi ƙasa da rabi.

"Malam, ruwan wanke-wanke ne fa," ta ce masa wata rana. "Ba inda zai je."

"Zo ki duba," ya ce.

Ta sunkuya. Babu iska, ba wanda ya taɓa durom ɗin, yana inuwar katanga. Ruwan cikin tiyo yana hawa kaɗan, yana sauka kaɗan, a hankali, kamar ƙirjin mai barci. Ta taɓa famfon ta ji shi da ɗumi. Ta ce hannunsa ne ya ɗumama shi. Ya ce ƙila. Daga ranar ta daina ɗiban ruwa a nan tsakanin azahar da magariba.

Barcinsa ya lalace. Ya ce da ya rufe ido sai ya ga ruwa yana sauka a gilashi. Muka kai shi wajen liman, liman ya yi masa nasiha mai kyau, ya ce wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa karɓar aiki. Ashafa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, na sani. Ni ban ce zai dawo ba. Ni dai ba a karɓe ni ba." Aka yi masa rubutu ya sha, aka yi saukar Alƙur'ani. Ya gode wa kowa, azahar ta yi ya koma gefen durom.

Isyaku tela, ƙanin Lauratu, ya ce abin ai mai sauƙi ne. Ya shiga gidan ya ɗora hannu a kan famfon ya ce da ƙarfi, "To, Yaya Ashafa, na karɓa. Tashi ka je ka kwanta."

Ashafa ya yi dariya, ya rufe baki da hannun hagu. "Isyaku, in ruwa ya ɓace a gilashi, ƙasa ya yi ko sama?"

"Oho. Ƙasa mana."

"In ka ce ƙasa ka ƙara ruwa alhali cika ya yi, ka fasa bututu. In ka ce sama ka rage alhali ƙafewa ya yi, ka kashe mutane. Ka ga ba zan ba ka ba. Je ka ɗinka wa mutane kayan salla."

Isyaku bai haƙura ba. Ya ce a kai shi Bompai ya gani da idonsa cewa Gwaggo ta mutu, ko hankalinsa ya kwanta. Suka je da hantsi a bayan babur. Tsohon maigadin yana nan, ya shuka kuɓewa a inda manyan motoci ke juyawa da. Ya buɗe musu ɗakin boila, ya ce shi kam zai jira a waje.

Yanar gizo ta rufe ko'ina. Tantabaru sun ɓata bayan Gwaggo fari fat. Allurar agogo tana kwance. Isyaku ya dafa ƙarfen ya ce, "Ka ji? Sanyi ƙalau kamar randa."

Ashafa ya matsa kusa. Ya sa hannun riga ya goge ƙurar gilashi. Ruwa yana tsakiya, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. Isyaku ya ce ƙila motsin manyan motoci ne a titi. Suka saurara, ba motar da ke wucewa. Sannan suka dubi sitiyarin bawul. Gefe ɗaya ya yi tsatsa ja wur, har yana ɓarewa. Ɗaya gefen, inda mai aikin safe ke riƙewa, yana sheƙi sumul kamar cokalin da ake ci da shi kullum.

"Wa yake shigowa nan?" Isyaku ya tambayi maigadi da suka fito.

"Tun ranar da na fitar da shi ban buɗe ba sai yau. Ka ga ma da ƙyar kwaɗon ya buɗu."

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka shigo cikin ganuwa Ashafa ya ce a hankali, "Ka ga dai ban yi sakaci ba." Isyaku ya ce bai taɓa jin maganar da ta tayar masa da tsigar jiki kamar wannan ba, don da jin daɗi Ashafa ya faɗe ta.

Shekara ta bi shekara. Fastocin zaɓe na biyu suka cika katangun Mandawari. A lokacin ƙafafun Ashafa sun fara kumbura, numfashinsa ya yi gajere. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, dole a kwantar da shi a asibiti ya huta. Ya ce zai riƙa zuwa da safe, amma azahar a gida za ta same shi. Likita ya ce ba a yin haka. Lauratu ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce durom ɗin nan za ta sa a fitar da shi a sayar wa maƙera.

Ya ce, "Lauratu, ko kin fitar da shi ba shi nake riƙe da shi ba. Ki bar mini shi, ya fi mini sauƙi in ina ganin ruwan."

Ta ce, "To har yaushe?"

Ya ce, "Makara ce da shi. Amma bai taɓa ƙin zuwa ba."

Ya daina zuwa kasuwa. Da zama a kujera ya gagara, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin durom, ya jingina da filo, hannu a miƙe zuwa famfo. Mukan shiga mu gaishe shi. Yakan tambayi kowa iyalinsa da sunayensu, ya tsokani wanda ya yi sabuwar hula. Amma idonsa ba ya daɗewa a fuskar mutum.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar bazara, zafi ya kori kowa cikin ɗaki, ko akuya ba ta motsi a lungu. Ya yi azahar a zaune. Lauratu tana bakin murhu tana tankaɗe. Sai ta ji ƙararrawar keke a waje, wata irin ƙararrawa mai tsatsa da ba ta fita sosai. Ta ji an jingine ƙarfe a jikin katanga. Ta jira sallama daga zaure, ba ta ji ba.

Ashafa ya ɗaga kai. Ya gyara zaman hularsa da hannun hagu.

"Lauratu, ɗan shiga ɗaki. Namiji zai shigo."

"Wane ne?"

"Abokin aiki ne. Ba zai daɗe ba."

Ta ja mayafi ta shiga, ta saki labule. Ta ce ta so ta leƙa, ta kasa. Ba ta ji takun kowa ba. Muryar mijinta kaɗai take ji, kuma ba muryar majinyaci ba ce, irin ta da ce.

"Ka makara."

Shiru.

Sai ya yi 'yar dariya, ta ji alamar ya rufe baki. "To, rana ce ta yi sauri. Ta sha, ta ƙoshi. Ruwa na tsakiya, allura ba ta je ja ba ko sau ɗaya. Hure ka gani da kanka."

Ta ji wani ɗan sauti kamar tsaki mai tsawo, irin na ruwa in ya zuba a kan garwashi.

"Na ba ka," in ji Ashafa. Ya yi ajiyar zuciya. Bayan haka ta ji yana kalmar shahada a hankali, ba gaggawa.

Da ta fito ba kowa a tsakar gida. Ta leƙa zaure, ta leƙa lungu, babu keke, sai rana. Ta dawo ta durƙusa a gefensa. Ya zame daga jikin filo ya kwanta a gefen dama kamar yadda yake kwanciya da can in ya dawo daga aiki ya ci abinci. Hannunsa na dama yana kan tabarma a buɗe, yatsu a miƙe. Ta ce ta daɗe tana kallon tafin, don ta manta kamanninsa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tiyo. Ruwan yana tsakiya, ya tsaya cak.

Kafin la'asar gidan ya cika. Liman da Isyaku ne suka shiga yi masa wanka. Ruwan randa bai isa ba, sai Lauratu ta ce a ɗiba a durom, yanzu ba komai. Isyaku ya tara bokiti ya buɗe famfon, ya kai zaure. Liman ya tsoma hannu zai fara, ya tsaya, ya ce Allah Ya yi wa wadda ta ɗumama ruwan nan albarka, ta kyauta wa mamaci. Isyaku ya dubi murhu ta ƙofar zaure. Ba a hura wuta ba tun safe. Ya miƙa wa liman buta, suka fara da hannun dama.